Tsibiran Kan Tudu: Ziyarar Duwatsun Tsafe, Kwatarkwashi da Bungudu

Duk wanda ya taɓa bin hanyar mota daga Funtuwa zuwa Gusau ya san yadda shimfiɗar ƙasar take. Fili ne fetal, gonakin dawa da gero da auduga suna bin juna, nan kuka can ɗorawa, har ido ya gaji da kallo. Amma da an doshi Tsafe sai al'amari ya sauya. Duwatsu su fara tasowa daga tsakiyar gonaki, wasu a tsibe kamar an jibge buhuna, wasu kuwa sumul kamar an kife ƙwarya. Kafin a shiga Gusau kuma sai ga Dutsen Kwatarkwashi ya tokare sama, garin yana kwance a gindinsa. Yawancin matafiya kan leƙa shi ta tagar mota, su ce “Ikon Allah!”, su wuce. Ɗaliban Gusau da Tsafe da Bungudu ma, da yawansu sun haddace sunayen tsaunukan Turai da Asiya saboda jarrabawa, alhali ba a taɓa tsayar da su an karanta musu wannan da ke ƙofar gidansu ba.

A shekarar 1900 wani Bajamushe masanin duwatsu mai suna Wilhelm Bornhardt, wanda ya yi aiki a Afirka ta Gabas, ya laƙaba wa irin waɗannan duwatsu suna da harshensu. Ya kira su inselberg, wato “dutse-tsibiri”, domin ya ga suna tsaye su kaɗai a tsakiyar fili kamar yadda tsibiri ke tsayawa a tsakiyar teku. Kama kawai ya duba, amma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa sunan ya fi haka zurfi. Ruwan dutsen daban yake da na filin da ke kewaye da shi, tsirransa daban, dabbobinsa daban, har tarihin mutanen da suka raɓe shi ma daban ne. Wanda ya fahimci haka, ziyarar waɗannan wurare za ta zame masa darasi guda mai haɗe da ilimin ƙasa da na halittu da tarihi.

Daga ina dutsen ya fito?

Akan ji mutane suna cewa dutse tsirowa yake yi, yana girma a hankali. Abin da masana suka gano kishiyar haka ne. Ba dutsen ne ya taso ba, ƙasar da ke kewaye da shi ce ta zaizaye ta bar shi tsaye.

Kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, manyan ɓangarorin ɓawon duniya sun yi karo da juna a wannan sashe na Afirka. Matsi da zafin wannan karo suka narkar da duwatsu a can ƙarƙashin ƙasa, zurfin kilomita masu yawa. Narkakken dutsen ya kutsa cikin tsofaffin duwatsun da ke samansa, amma bai kai ga fitowa fili ba, sai ya tsaya a ciki yana hucewa sannu a hankali. Abin da ya daskare shi ne dutsen da ake kira garanit. Wani Bature mai suna J. D. Falconer, a littafin da ya buga a 1911 kan duwatsun Arewacin Nijeriya, shi ya sa wa wannan rukuni suna “Tsofaffin Garanit”, don a bambanta su da na ƙasar Jos, waɗanda ƙannensu ne da ɗaruruwan miliyoyin shekaru.

Mai karatu zai iya tabbatar da wani sashe na wannan bayani da idonsa. A samu ɓallin dutsen da bai daɗe da fashewa ba, a dube shi a rana. Za a ga ba abu ɗaya ba ne, ƙwayoyi ne iri uku a cakuɗe. Akwai masu haske kamar gilashi, su ne ƙanƙarar dutse. Akwai farare ko masu ruwan hoda, su ne felsifa. Akwai kuma baƙaƙen ɓarɓashi masu walƙiya da kan ɓare falle-falle. Girman ƙwayoyin shi ne shaidar cewa a zurfi dutsen ya huce, domin narkakken dutsen da ya fito fili, kamar na aman wuta, yakan daskare da sauri, ƙwayoyinsa ba su samun damar girma har ido ya gan su.

To yaya aka yi abin da ke binne ya fito? Garanit ba ko'ina yake da ƙarfi ɗaya ba. Wani sashe yana da tsage-tsage kusa da kusa, wani kuwa dunƙulalle ne. Ruwan sama da ya nutse cikin ƙasa yakan bi tsagar nan, ya riƙa cin felsifa yana mayar da ita yumɓu, har sashen ya ruɓe tun yana binne. Dunƙulallen sashe kuwa ruwa ba ya samun ƙofar shigarsa. Da zamani ya yi nisa, koguna da ruwan damina suka kwashe ruɓaɓɓen, sai mai ƙarfin ya bayyana. Inda tsagar ta yi yawa akan sami tarin manyan duwatsu wani bisa wani, irin waɗanda ake gani a gefen hanya, har mutum ya yi zaton wani ne ya jera su. Inda babu ita sai a sami ƙwarya guda. Bugu da ƙari, dutsen da aka sauke wa nauyin ƙasar da ta danne shi yakan saki jiki, bayansa ya riƙa ɓarewa kamar albasa. Manyan falankan da ake tararwa a zube a gindin dutse daga nan suke.

Ba kowane tudu ne ɗan wannan gida ba. Kufena ta Zariya da Dutsen Zuma na kusa da Abuja tsibiran dutse ne irin waɗannan. Dala da Goron Dutse na Kano kuwa wani iri ne, marmara ce ta yi musu hula ta hana su zaizayewa.

Tsafe da kufan 'Yandoto

Tsafe ce zango na farko ga wanda ya taso daga gabas. Sarautar garin kanta darasi ce, domin ana kiran sarkin da 'Yandoton Tsafe, sunan da ya samo asali daga tsohon birnin 'Yandoto da ke wannan yanki. Kafin jihadi duk wannan ƙasa ɓangare ce ta daular Katsina, shi ya sa har yau sarkin Gusau yake Sarkin Katsinan Gusau, ko da yake jihar da aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoba, 1996 sunanta Zamfara. Labarin baka na Katsina ya nuna cewa Muhammadu Korau, wanda ya kayar da Sanau ya hau gadon sarauta a ƙarni na 15, mutumin 'Yandoto ne. Daga baya garin ya shahara da malamai da almajirai. Da jihadi ya taso, akasarin malaman ba su bi Shehu Usmanu ba, Muhammadu Bello ya ci garin da yaƙi a 1806. Malam Sambo ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau, yana cikin mazauna 'Yandoto da suka bi Shehu. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya yi bayanin matsayin wannan gari a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981.

Wanda ya je kufai yana neman gine-gine zai dawo da takaici, domin ginin ƙasa ba ya jure damina ɗari biyu ba tare da yaɓe ba. Kufai da alamu ake karanta shi. Tarin tsofaffin kukoki a wuri guda alama ce, saboda kuka takan yawaita inda mutane suka daɗe suna zubar da ƙwallonta. Tudun da ya miƙe dogo a tsakiyar gona yana iya zama ragowar ganuwa. Sai kuma katangar tukwane da garma ke tonowa, da duwatsun niƙa da suka lotsa, da kashin tama inda maƙera suka yi aiki. Ga ɗalibi doka ɗaya ce a irin wannan wuri: a duba, a zana, a rubuta, amma kada a ɗauka. Katangar tukunya da aka raba da inda take ta rasa rabin labarinta.

Kwatarkwashi: me ya tara mutane a gindin dutse?

Dutsen Kwatarkwashi yana cikin Ƙaramar Hukumar Bungudu, ko da yake garin Bungudu yana wancan gefen Gusau ne, a kan hanyar Sakkwato. Daga Gusau tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba a mota. Gari ne tsoho ƙwarai, ya girmi Gusau nesa ba kusa ba. Sarkinsa Alhaji Ahmad Umar, wanda ya rasu a 2022, ya shekara 61 a kan gadon sarauta.

Amsar farko da ɗalibi zai bayar ita ce tsaro, kuma gaskiya ne: doki ba ya hawa falalen dutse, wanda ke bisa kuma yana hango ƙurar mahara tun suna nesa. Amma akwai amsar da ta riga wannan, ita ce ruwa. Bari mu yi lissafi. Ruwan sama na milimita 1 da ya zuba a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Ƙasar Gusau takan sami tsakanin milimita 800 da 1,000 a shekara. Mu ɗauki 900. Hekta 1 murabba'in mita 10,000 ce. Ashe ke nan kowace hekta ta falalen dutse tana karɓar lita miliyan 9 a damina guda, wato cikin durom 45,000 mai cin lita 200. A gona, ƙasa ce za ta shanye akasarin wannan ruwa a inda ya sauka. A kan dutse kuwa ba shi da wurin shiga, sai ya gangaro gaba ɗaya zuwa gindi, ɗauke da ɓarɓashin dutse da ruɓaɓɓen ganye da kashin tsuntsaye. Saboda haka gindin dutse yakan zama kamar zobe mai dausayi: rijiya ba ta zurfi, ƙasa tana da taki, itatuwa suna daɗewa da ganye. A shekarar fari wannan bambanci shi ne tsakanin zama da ƙaura.

Marigayi Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello, a wata maƙala da ya buga a 1970 kan yadda dauloli suka kafu a ƙasar Hausa, ya jawo hankali ga cewa da yawa daga tsofaffin garuruwanmu a gindin duwatsu suka tsiro, kuma mutanen da suna ɗaukar duwatsun a matsayin mazaunin iskoki. Kwatarkwashi ta yi suna a wannan fage da tsafin Magiro, kafin Musulunci ya game ƙasar. Ba sai mun yarda da abin da suka yarda da shi ba kafin mu gane dalilinsu. Wurin da ke ba ka ruwa lokacin da ko'ina ya bushe, ya ɓoye ka lokacin yaƙi, ba mamaki ka kewaye shi da dokoki da tsoro. Irin waɗannan dokoki kuwa, a wurare da yawa na Afirka, su ne suka hana a sare itatuwan kan duwatsu.

Rayuwa a kan tsibiri

Saman dutse wuri ne mai tsanani. Da tsakar rana zafin falalen yakan haura digiri 50, ruwa ba ya kwana sai a cikin ƙananan kwarmi, ƙasa kuwa ba ta wuce 'yar wadda ta maƙale a tsaga. Baƙin da ake gani a jikin dutsen ma yawanci ba launinsa ba ne. Wasu ƙananan halittu ne dangin gansakuka suka lulluɓe shi, waɗanda kan bushe ƙamas da rani su farfaɗo da ruwan farko. A fasa dutsen a gani, cikinsa fari-fari ne.

Itatuwan da suka saba da irin wannan wuri a ƙasar Hausa sanannu ne. Akwai dangin ɓaure da gamji, masu cusa saiwa cikin tsaga har su buɗa ta. Akwai kukkuki. Akwai hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, mai ɓawo kamar takarda da ƙaro mai ƙamshi. Sunansa na kimiyya yana ɗauke da sunan Dakta J. M. Dalziel, likitan da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916. Cikin dabbobi akwai kazar dutse, da birai, da rema. Rema abin mamaki ce. Wanda ya gan ta zai ce 'yar'uwar gafiya ce ko zomo, amma binciken ƙashi da na ƙwayoyin gado ya nuna cewa danginta na kusa su ne giwa da ayu.

A nan ne maganar tsibiri take da nauyi. Rema ba ta iya zama a gona. Idan aka ƙarar da na wani dutse da farauta, sai wata ta ratsa kilomita da yawa na fili, da karnuka da mutane, kafin ta sake raya wurin, abin da da wuya ya faru. A 1967 wasu masana biyu na Amurka, Robert MacArthur da Edward Wilson, suka fitar da ƙa'idar cewa gwargwadon ƙanƙantar tsibiri da nisansa daga 'yan'uwansa, gwargwadon ƙarancin ire-iren halittun da zai iya riƙewa, da saurin ɓacewarsu. Kan tsibiran teku suka yi maganarsu, amma ta hau kan duwatsunmu daram.

Maiki

Abin da ya fi fitar da sunan Kwatarkwashi a wajen masana tsuntsaye shi ne maiki, ko mikiya. Littattafan tsuntsayen Nijeriya na ƙarnin da ya wuce sun ambaci wannan dutse, da rubutun Kotorkoshi, a matsayin wurin da maiki ke sheƙa. Mutanen garin kuma sun shahara da bikin kamun maiki, inda samari kan hau dutsen su kamo tsuntsun don nuna jarunta. Wasu kan ɗauka maiki gaggafa ce. A'a, babban ɗan'uwan ungulu ne, mushe yake ci, ba ya kisa. Turawa sun sa masa sunan wani Bajamushe mai yawon bincike, Eduard Rüppell.

Tsuntsu ne ƙato. Idan ya buɗe fukafukansa sukan kai kimanin mita biyu da rabi, nauyinsa kuma tsakanin kilo 6 da 9. Mai irin wannan nauyi ba ya iya yini yana kaɗa fiffike, don haka dabararsa ita ce jira. Idan hantsi ya yi, rana ta gasa dutse, iskar da ke bisansa takan yi zafi ta tashi sama kamar hayaƙi. Sai maiki ya saki kansa daga bakin dutse, ya shiga cikin wannan iska, ya riƙa kewayawa tana ɗaga shi ba tare da ya wahala ba. Da haka yake tafiyar fiye da kilomita 100 neman abinci ya dawo. Wannan ne ya sa yake son dutse mai gangare a miƙe: ga wurin tashi, ga kuma lungun da kura da mutum ba su kai wa ƙwansa cikin sauƙi. Fararen zane-zanen da kan gangaro a fuskar irin wannan dutse kashin tsuntsaye ne na shekara da shekaru.

Ranar 29 ga Nuwamba, 1973, wani jirgin sama da ke wucewa ta saman Abijan a ƙasar Kwaddibuwa ya yi karo da tsuntsu a tsayin mita 11,300. Jirgin ya sauka lafiya, aka ciro ragowar gashin daga injinsa, aka bincika, aka tarar maiki ne. Har yau ba a tabbatar da wani tsuntsu da ya kai wannan tsayi ba. Dutsen Ebares, mafi tsayi a duniya, mita 8,849 ne. A inda maikin nan yake, iska ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na kaurin wadda muke shaƙa ba, mutum zai suma cikin ɗan lokaci. Sirrin yana cikin jininsa: sinadarin himogulobin, mai ɗaukar iskar oksijin, nasa ya fi namu ƙarfin kama ta. Hausawa da suka ce mikiya mai hangen nesa ba su san da wannan ba, amma ba su yi kuskure ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya ƙirga tsuntsaye a kan hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulaye, har da maiki, sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wajen gandayen da ake karewa. A 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sa maiki, da ungulun nan tamu ta mahauta, cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Binciken da Darcy Ogada da abokan aikinta suka yi a faɗin Afirka ya nuna cewa cikin mace-macen ungulayen da aka rubuta, kimanin kashi 61 guba ce, kashi 29 kuma kamu ne don sayar da sassan jikinsu ga masu magani da tsubbu. Mutum yakan barbaɗa maganin ƙwari a mushe don ya kashe kura ko karnukan da suka dame shi, sai tsuntsaye su sauka su mutu tare. A Gini Bisau, a 2020, an hallaka ungulaye fiye da 2,000 cikin 'yan makonni, da yawansu an cire musu kawuna. Duk wanda ya haura shekara arba'in a ƙasar nan yana iya tuna yadda ungulaye kan yi layi a kan rumfunan mahauta. Ya je yau ya duba.

Me ya sa ba su farfaɗowa? Zabuwa takan saka ƙwai da yawa a damina guda. Maiki ƙwai ɗaya tak yake sakawa, a kwanta masa kusan kwana 55, ɗan kuma ya yi kusan wata biyar kafin ya tashi, sa'an nan ya shekara biyar ko fiye kafin shi ma ya haihu. Kashe babban maiki ɗaya asarar shekaru ce. A ganina bai dace a ɗora wa bikin Kwatarkwashi laifin ba, domin biki da tsuntsu sun daɗe tare. Guba da kasuwa da ƙarancin namun daji su ne baƙin. Sai dai lissafin da ya yi daidai lokacin da tsuntsaye ke da yawa ba zai yi daidai ba yanzu da kowane ɗaya yake da muhimmanci.

Wani zai ce, to mene ne a ciki idan mai cin mushe ya ƙare? Indiya ta ba da amsa. A shekarun 1990 aka yawaita yi wa shanu allurar wani magani mai suna dikulofenak, wanda ke lalata ƙodar ungulun da ta ci mushensu. Kafin a hana shi a 2006, wasu ire-iren ungulayen ƙasar sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili yana gurɓata ruwa, karnuka suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Wani bincike da Eyal Frank da Anant Sudarshan suka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulayen ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Ruwan cikin ungulu yana da tsami mai ƙarfin da ke kashe ƙwayoyin cuta masu yawa. Kare da ɓera kuwa ci suke su yaɗa.

Gusau zuwa Bungudu

Daga Kwatarkwashi hanya ta gangara Gusau, garin da jirgin ƙasa ya iso a 1927 ya mayar da shi kasuwar auduga da gyaɗa. Abin dubawa a nan shi ne Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya ratsa Gusau ya nufi Bungudu, har madatsar Bakolori. A ɗebi yashinsa a tafin hannu. Yawancinsa ƙanƙarar dutse ce, ita ce ƙwayar da ruwa ya kasa narkarwa bayan felsifa ta zama yumɓu. Wato yashin da magina ke haƙa da yumɓun da masu tukwane ke ɗiba duk ragowar duwatsun da muka baro ne.

Daga Bungudu zuwa Maru duwatsu sukan sauya kama, a fara ganin masu falle-falle kamar an jera takardu. A cikin irin waɗannan, a Maru da Anka, ake samun zinariya. A wasu wuraren kuma tana tare da dalma, abin da ya jawo bala'in 2010, lokacin da ƙurar dutsen da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Sanin dutse ba ilimin ado ba ne a Zamfara.

Ziyara a wannan zamani

A tsibirin Siri Lanka akwai wani dutse mai suna Sigiriya, tsayinsa kimanin mita 180, wanda wani sarki ya gina fada a kansa a ƙarshen ƙarni na 5. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1982, kuma baƙi daga ko'ina suna biyan kuɗi su hau shi. A nan gida ma Sukur ta Jihar Adamawa ta sami wannan matsayi a 1999. Kwatarkwashi tana da dutse, tana da tarihi, tana bakin babbar hanya.

Abin da ya hana sananne ne. Tun wajen 2011 'yan bindiga suka addabi Zamfara, kuma Tsafe da Bungudu da hanyar Funtuwa suna cikin wuraren da abin ya shafa. A Satumbar 2021 an rufe makarantun jihar na wani lokaci, a Satumbar 2023 kuma aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga masaukinsu a Sabon Gida. Saboda haka kada wani malami ya karanta wannan maƙala ya kwashi yara ya nufi dutse ko kufai da ra'ayin kansa. Sai da izinin hukumar makaranta da na iyaye, da shawarar jami'an tsaro, da sanin fadar garin, wadda ita ce za ta ba da ɗan jagora. Idan an ce a dakata, a dakata. Idan kuwa an sami dama, a tafi da sanyin safiya, da ruwan sha da takalmi mai kama dutse, kada a hau bayan an yi ruwa domin falale yakan yi santsi, kada kuma a matsa kusa da sheƙar tsuntsu.

Kafin wannan dama ta samu, akwai aikin da ba ya bukatar barin gari. Ɗaliban da iyayensu ko kakanninsu suka fito daga waɗannan garuruwa su zauna da su da littafi da alƙalami: yaushe aka yi kamun maiki na ƙarshe da suka gani, a wane wata tsuntsayen kan yawaita, wace rijiya ce ba ta ƙafewa, waɗanne dabbobi ne a dutsen a da. Masu wannan sani suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a rubuta yawancinsa ba. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta kuma tana iya ɗaukar ƙirgar ungulu a matsayin aikinta; Asabar ta farko a watan Satumba ita ce ranar ungulu ta duniya, ana iya farawa daga nan. A zaɓi wuri ɗaya, ko bakin mahauta ko filin makaranta, a tsaya sau ɗaya a mako da hantsi, minti talatin, a rubuta kwanan wata da sa'a da yanayin sama da adadin da aka gani, a bambanta ƙaramar ungulu mai jan wuya da maiki mai faɗin fiffike da zanen fari-fari a gashinsa. Ranar da ba a ga ko ɗaya ba, ita ma a shigar da ita littafi, a sa sifiri a gabanta.